Daga Singafo zuwa Niyok: Kilomita 15,349 da Awa 19 a Sararin Sama

Akwai jirgin kamfanin Singapore Airlines da ke tashi daga filin jirgin sama na Changi a Singafo, ba ya sake taɓa ƙasa sai ya isa filin John F. Kennedy da ke birnin Niyok a Amurka. Tazarar da ke tsakanin filayen biyu kilomita 15,349 ce, kuma tun watan Nuwamban 2020 da aka buɗe wannan hanya babu wata jigilar fasinja ta yau da kullum da ta fi ta nisa ba tare da yada zango ba. A jikin tikiti akan rubuta awa 18 da 'yan mintuna zuwa awa 19, gwargwadon zuwa ne ko dawowa, da kuma lokacin da ake ciki a shekara. Wanda yake son ya auna abin da ma'aunin da ya sani, sai ya tuna tafiyar alhazai daga Kano zuwa Jidda, wadda take kilomita 3,400 da 'yan kai: sai an jera irinta huɗu da rabi kafin a kai wannan.

Lambobin nan biyu, na nisa da na lokaci, mutane kan ɗauka ɗaya ce ke haifar da ɗaya, wato a raba nisa da gudun jirgi a sami awoyi. Wannan lissafi yana kai mutum kusa da gaskiya amma ba ya shigar da shi cikinta, domin jirgin nan sau da yawa yakan bar gajeriyar hanya da gangan, ya ƙara wa kansa kilomita dubu ko fiye, kuma ya riga wanda ya bi gajeriyar isa.

Sai a fara da yadda aka sami kilomita 15,349 ɗin. Taswirar da aka saba rataya wa a bangon aji ta samo asali ne daga tsarin da Gerardus Mercator ya fitar a 1569 domin amfanin matuƙan jiragen ruwa, kuma aibinta shi ne tana shimfiɗa duniya kamar tabarma alhali duniya dunƙulalliya ce. Saboda haka duk ƙasar da ta yi nisa da tsakiyar duniya sai ta kumbura, har tsibirin Girinlan ya yi kamar zai kai Afirka girma, bayan kuwa Afirka ta ninka shi kusan sau 14. Wanda ya ɗora rula a kan irin wannan taswira ya ja layi daga Singafo zuwa Niyok zai ga hanya miƙaƙƙiya ta ratsa tsakiyar teku, sai ya zaci ita ce mafi kusa. Don a ga kuskuren da ido, a ɗauki lemon zaƙi, a ɗiga masa alama da biro a tsakiyar cikinsa, a juya bayansa a ɗiga wata a ɗan sama, sannan a ja zare tsakanin alamun biyu har ya ɗame. Zaren ba zai yarda ya zagaya ta ƙugun lemon ba, zai zame da kansa ya haura ta wajen hancinsa, domin ta nan ne ya fi gajarta. Layin da zaren ya kwanta a kai shi masana ke kira babbar da'ira, kuma duk nisan da ake bugawa tsakanin filayen jiragen sama a kansa ake auna shi.

Singafo tana kusan kan layin da ya raba duniya biyu, digiri 1 da ɗoriya a arewa da shi, Niyok kuwa tana wajen digiri 40 da rabi. Ta fuskar gabas da yamma, Singafo tana wajen digiri 104 a gabas, filin Kennedy yana wajen digiri 74 a yamma, wato tsakaninsu digiri 178, saura 2 kawai su zama baya da baya sosai. Wannan ne ya sa zaren nasu yake miƙewa arewa sak, ya ratsa Sin da Mongoliya da Rasha, ya wuce gab da ƙuryar arewacin duniya inda ƙanƙara ba ta narkewa, sannan ya gangaro ta Kanada. Musulmi sun daɗe da sanin wannan lissafi ta wata ƙofar, domin da shi ake fitar da alƙibla a ƙasashe masu nisa, kuma malamai irin su Albiruni sun yi aiki a kansa tun ƙarni na 11. Shi ya sa masallatan Niyok da Washinton suke fuskantar arewa maso gabas, duk da cewa a taswirar bango Makka tana kudu maso gabas da su, abin da kan ɗaure wa baƙo kai ranar da ya fara bin sahu a can.

Mai bincike zai ci karo da lambobi daban-daban a kan wannan tazara guda, kuma galibi ba kuskure ba ne. Wani ya rubuta mil 9,537, wani ya rubuta 8,288, duk abu ɗaya suke nufi: na farko ya yi amfani da mil na ƙasa mai mita 1,609, na biyu da mil na teku mai mita 1,852, wanda shi ne ma'aunin matuƙa. Sannan duniya ba ƙwallo ce cikakkiya ba, ta ɗan fi faɗi a ƙugunta da kimanin kilomita 43 idan aka kwatanta da tsayinta daga ƙurya zuwa ƙurya, don haka wanda ya lissafa da siffarta ta ainihi zai sami bambancin 'yan kilomitoci da wanda ya ɗauke ta mulmulalliya. Filin Newark, wanda shi ma yake hidimar Niyok daga jihar New Jersey, ya gaza na Kennedy da kilomita 5 kacal a nisa daga Changi, kuma waɗannan 5 ɗin ne suka karɓe masa kambun da ya daɗe yana riƙe da shi.

Jirgin da ke wannan aiki ƙirar Airbus A350 ne, gudunsa a cikin iska kimanin kilomita 900 a awa. Idan aka raba 15,349 da 900 za a sami awa 17 da 'yan mintuna. To ina sauran awa ɗaya zuwa biyu suka fito? Kashi na farko yana ƙasa. Lokacin da ake rubutawa a tikiti yana farawa ne daga sa'ar da ma'aikacin fili ya sunkuya ya zare wejin da ke tokare da tayoyin jirgi, irin wanda yaran mota ke sa wa babbar mota a gangare, har zuwa sa'ar da wani ma'aikacin ya mayar da weji a ɗaya filin. A tsakani akwai tura jirgi baya, da tafiyar hawainiya zuwa titin tashi, da jiran layi, wanda a fili mai cunkoso kamar na Kennedy yakan ci rabin awa da maraice. Hawa sama da saukowa ma ba a yin su da cikakken gudu, kuma kamfanoni kan ƙara 'yan mintuna a jadawali saboda abin da ka iya tasowa.

Kashi na biyu, wanda ya fi kowanne nauyi, iska ce. A tsayin kilomita 9 zuwa 12, daidai inda jiragen fasinja ke shawagi, akwai wasu kogunan iska da ke kwarara daga yamma zuwa gabas, suna zagaye duniya kamar ɗamara. Bambancin zafi tsakanin tsakiyar duniya da yankunan ƙanƙara ne ke tayar da su, juyawar duniya kuma ita ce ke karkatar da su gabas. Wani masanin yanayi ɗan Japan, Wasaburo Oishi, yana cikin waɗanda suka fara auna su a shekarun 1920 ta hanyar sakin balan-balan, kuma har yau sararin Japan yana cikin wuraren da suka fi ƙarfi. Gudunsu kan kai kilomita 200 a awa, a lokacin hunturu kuma yakan haura 300. Jirgi a cikinsu kamar kwalekwale ne a kogi: ƙarfin tuƙi ɗaya ne, amma mai bin ruwa da mai hawa ruwa ba sa isa tare. Tsakanin Niyok da Landan, tazarar kilomita 5,500 da ɗoriya, tafiyar gabas kan ɗauki awa 6 da rabi zuwa 7, ta yamma kuma ta doshi 8. A watan Fabrairun 2020, lokacin da guguwar Ciara ta ƙara wa wannan kogi ƙarfi, wani jirgin British Airways ƙirar Boeing 747 ya yi tafiyar cikin awa 4 da minti 56.

Akwai wata fahimta da ta yaɗu wadda ya kamata a gyara ta a nan, wato cewa jirgin da ya nufi yamma ya kamata ya fi sauri tunda duniya tana juyowa gabas a ƙarƙashinsa. Iskar da ke lulluɓe da duniya tana juyawa tare da ita, jirgi kuma tun yana ƙasa yana ɗauke da wannan juyi, kamar yadda fasinjan da ya cilla goro sama a cikin mota mai gudu yake cafe shi a tafin hannunsa, ba ya faɗawa kujerar baya. Da maganar gaskiya ce, da tafiyar yamma ce gajeriya, alhali abin da ake gani a jadawali akasin haka ne.

Yanzu a dubi abin da masu tsara tafiyar Singapore Airlines ke yi da wannan iska. Kafin kowane tashi suna da hanyoyi uku a gabansu: ta arewacin tekun Fasifik, ta ƙuryar arewa (wadda daga baya ta fita daga zaɓi), ko ta tekun Atlantika. A zuwa, jirgin kan nufi arewa maso gabas, ya bi ta gefen Taiwan da Japan, ya shiga kogin iska a kan Fasifik, ya ɓullo ta Alaska ko yammacin Kanada, ya gangara Niyok. A dawowa hankali zai ce ya koma ta inda ya fito, amma yin haka karo ne da iskar da ta turo shi ɗazu. Sai ya zamana a ranaku masu yawa yakan ci gaba da fuskantar gabas, ya ƙetare Atlantika, ya ratsa Turai, ya bi ta kan Turkiyya ko maƙwabtanta, ya sauko ta Indiya da tekun Bengal ya shiga Singafo. Wato jirgi ɗaya, a zuwa da dawowa, ya kewaye duniya cif ba tare da ya taɓa juya hancinsa yamma ba. Kilomitocin da yake ci a zahiri sukan kama daga 16,000 zuwa 17,000 da wani abu.

Ƙaramin lissafi na misali zai nuna hikimar. A ƙaddara gajeriyar hanya mai kilomita 15,350 tana da iskar gaba mai gudun 50 a awa. Gudun jirgi a kan ƙasa ya koma 850, tafiya ta zama awa 18 da 'yan mintuna. A ƙaddara wata hanyar mai kilomita 16,600 tana da iskar baya mai gudun 80. Gudu ya zama 980, tafiya ta tsaya ƙasa da awa 17. An ƙara kilomita 1,250, an rage fiye da awa guda, kuma tunda injin jirgi da awa yake shan mai ba da kilomita ba, an rage mai ma. Wannan, a ganina, shi ne abu mafi muhimmanci da ya kamata mai duba tazarar filaye biyu ya riƙe. Akwai kuma wani ɗan sirri a cikin lissafin: iskar gaba tana cutarwa fiye da yadda iskar baya ke amfanarwa. Tafiyar kilomita 9,000 a gudun 900 awa 10 ce, zuwa da dawowa 20. Idan aka sa iska mai gudun 100, zuwa ya zama awa 9, dawowa kuma awa 11 da kwata, jimilla 20 da kwata, saboda jirgin ya fi daɗewa a ɓangaren da iskar ke gaba da shi.

Ba iska kaɗai ke lanƙwasa hanya ba, rikicin mutanen ƙasa ma yana hawa sama. Kowace ƙasa tana da iko da sararin samaniyarta, kuma tun bayan da Rasha ta mamaye Ukraine a watan Fabrairun 2022 aka rufe sararin Rasha ga jiragen Tarayyar Turai da Birtaniya da Amurka da Kanada, wasu kamfanonin kuma suka ƙaurace masa don kansu. Hanyar ƙuryar arewa tsakanin Singafo da Niyok ta kan Rasha take bi, saboda haka ta fita daga zaɓi. Wanda abin ya fi shafa shi ne kamfanin Finnair, wanda tafiyarsa daga Helsinki zuwa Tokyo ta tashi daga awa 9 da rabi zuwa wajen 13, alhali biranen biyu suna nan inda suke. Alhazanmu sun ɗanɗana irin wannan a 2023, lokacin da yaƙin Sudan ya rufe sararin ƙasar, jiragen da ke tashi daga Najeriya zuwa Saudiyya suka koma zagaye, awoyi suka ƙaru, kuɗin jigila ma ya ƙaru. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, in ji masu iya magana, kuma dokokin jiragen sama a kan wannan aka gina su: jirgi mai inji biyu ba ya nisa da filin da zai iya saukar gaggawa fiye da mintunan da aka amince masa. A da iyakar minti 60 ce, amma a 2014 hukumar kula da lafiyar jiragen sama ta Turai ta amince wa A350 har minti 370, wanda shi ya buɗe masa tekuna da yankunan ƙanƙara.

Sai batun nauyi, wanda shi ne ya taɓa kashe wannan hanya baki ɗaya. Singapore Airlines ya fara tafiya kai tsaye zuwa Newark a watan Yunin 2004 da jirgi mai inji huɗu, Airbus A340-500. Da man fetur ya yi tsada har ganga ta haura dala 100, sai cinikin ya daina fita, aka dakatar da tafiyar a watan Nuwamban 2013. Matsalar dogon zango ita ce ana ƙona mai domin a ɗauki mai, tunda litar da za a sha a awa ta 18 sai an yi dakonta tun daga awa ta farko. An dawo da tafiyar a watan Oktoban 2018 da samfurin A350-900ULR mai inji biyu, wanda aka ƙera guda 7 kawai domin wannan kamfani. Tankunansa suna cin lita 165,000, wato cikin tankar mai guda 5 irin masu lita 33,000 da ake gani a kan titi, nauyin man kuma ya kai wajen tan 130 a jirgin da iyakar nauyinsa lokacin tashi tan 280 ne. Don a sami wannan sarari sai aka rage mutane: kujeru 161 ne kawai a ciki, 67 na manyan matafiya da 94 na matsakaita, babu kujerun talakawa ko ɗaya, bayan kuwa ɗan'uwansa na yau da kullum yana ɗaukar fiye da 250. Saboda wannan nauyi jirgin ba ya iya hawa can ƙololuwa tun da farko, sai ya riƙa ƙara tsayi mataki-mataki yayin da mai ke raguwa, kuma tsayin da yake kai a kowace awa yana shafar irin iskar da zai tarar. Matuƙa 4 ne ke karɓa-karɓa, biyu suna aiki biyu suna barci a wani ɗan ɗaki da aka ware musu.

Abin da ya fi rikita fasinja kuwa agogo ne. Singafo tana gaban Niyok da awa 12 a lokacin bazararsu, da awa 13 a hunturu, domin Amurka tana sauya agogonta sau biyu a shekara, Singafo kuma ba ta yi. Wanda ya bar Changi da ƙarfe 12 da rabi na ranar Litinin, ya yi awa 18 da rabi a sama, zai sauka Niyok da ƙarfe 7 na yammacin Litinin ɗin nan, kamar awa 6 da rabi kawai ya yi. Amma idan ya ɗaga labulen taga zai ga rana ta faɗi, dare ya yi, gari ya waye, rana ta sake yin tsaka har ta karkata, duk a cikin kwanan wata guda, saboda ya ƙetare layin sauya kwana da ke tsakiyar Fasifik. Musulmin da ke cikin jirgin, wanda sallarsa ke bin ranar wurin da yake ba agogon hannunsa ba, zai riski azahar sau biyu da la'asar sau biyu kafin ya sauka, lokutan kuma suna zuwa kusa da kusa tunda yana gudu ne zuwa ga mafitar rana. A dawowa abin ya juye: wanda ya tashi daga Kennedy da ƙarfe 10 da rabi na daren Litinin zai sauka Singafo da asubahin Laraba, Talatarsa duka ta ƙare a sama, kuma gajeriyar Talata ce. Wannan ruɗani ne ke hana matafiyi barci na kwanaki bayan ya isa, domin jiki yana da nasa agogon wanda ba ya gyaruwa da murɗa ɗan maɓalli.

Duk wannan ɗawainiya domin a rage awa 4 zuwa 5 ne, tunda jirgin kamfanin da ke yada zango a Frankfurt yakan kai mutum Niyok cikin awa 23 ko fiye. Ga ɗan kasuwar da ke da taro washegari wannan riba ce da zai biya, ga mai ciwon ƙafa ko mai tafiya da yara kuwa saukar nan ta tsakiya rahama ce.

Kewayen duniya kilomita 40,075 ne, saboda haka babu wurare biyu a bayan ƙasa da tazararsu ta wuce kimanin 20,000. Kamfanin Qantas na Ostireliya, wanda a watan Maris na 2018 ya fara haɗa Perth da Landan kai tsaye a tazarar kusan kilomita 14,500, ya gwada tafiya daga Landan zuwa Sidni a watan Nuwamban 2019 da mutane kaɗan a ciki, ta ɗauki awa 19 da minti 19, sannan a 2022 ya yi odar jirage 12 ƙirar A350-1000 domin ya mayar da ita ta yau da kullum. Tazarar kusan kilomita 17,000 ce. Idan aka koma ga lemo da zare za a ga cewa duk sa'ad da alamun biyu suka kusa zama baya da baya, zaren yakan yi sako-sako da zaɓi, a karkatar da shi dama ko hagu tsawonsa bai cika sauyawa ba. A irin wannan tazara, hasashen iskar da ya iso teburin masu tsara tafiya da safe shi zai faɗa wa matuƙi ko ta kan Asiya zai bi ko ta kan Fasifik.